Irin da Kawu Bai Sallama Ba

Da gumi, wato turararriyar shinkafa, na fara sana'ar hatsi, a tsakar gidan mijina a Kalgo, da tukunya ɗaya da murhun duwatsu. In sayi shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓuntunta, in jiƙa, in turara, in shanya, in kai inji, in auna wa matan unguwa. Daga tukunya na koma rabin durom, daga nan na kama shago, daga baya na gina sito. Yanzu ina sayen shinkafa a Kalgo, gero da dawa kuma a Gwandu inda aka haife ni. Na ga masu kuɗi sun karye a wannan harka, na ga masu tallar kai sun gina gida, kuma ba kasafai abu ke tsaya mini a rai ba. Wannan ya tsaya.

Yayan mahaifiyata yana zaune a Dangoma. Shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Kawu nake ce masa, shi kuma ya ce ɗiyata, har yau da nake da jikoki. Gonarsa ta shinkafa tana fadama, kuma ta kasu biyu. Akwai ɓangaren sama, inda ruwa ke tsayawa iya gwiwa. Akwai kuma kwarin ƙasa, inda in gulbi ya cika ruwa ke shanye mutum har da hannunsa a ɗage. A wannan kwari shinkafa ɗaya ce ke rayuwa, wata ja mai dogon kara da ya gada wurin mahaifinsa. Ana watsa ta a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya iso. In ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙaru, kullum kanta yana sama, har a shiga da kwalekwale a yanke ta. Ba ta da suna a gidan, ta gida kawai ake ce mata. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, masu inji kuma ba su son ta don tana ɓata musu launin farar. Amma tuwonta yana riƙe ciki, kuma duk shekarar da ambaliya ta cinye gonakin sama, ita ke ciyar da gidan Kawu. Kowace kaka shi da kansa yake zaɓen zangarniyar iri, ya casa ta daban, ya zuba a wani ƙaramin rumbu da babu mai buɗe shi sai shi.

Kamfanin da ke sayen shinkafa a wajenmu ya zo da wani tsari da mutane suka karɓa hannu biyu. Da can manomi hanya biyu gare shi da kaka. Ko ya sayar da araha lokacin da kasuwa ta cika, ko ya zuba a rumbu ya jira bazara, ya yi ta fama da ɓera da gara da dangi masu zuwa da ƙwarya. Kamfani ya ce ga hanya ta uku. Ka kawo shinkafarka da zarar ka casa, mu auna, mu rubuta nauyinta da sunanka. Ba sai ka yanke farashi a ranar ba. Duk ranar da ka ga farashin da ke kan allonmu ya yi maka, ka zo ka ce yau, mu biya ka. Abin da za mu cire kawai ladan ajiya ne na kowane wata, da ɗan ragi in shinkafar ba ta bushe sosai ba.

Ranar da na fahimci tsarin sai da na jinjina wa wanda ya ƙirƙiro shi. Na san abin da ke tayar da farashi da bazara. Mai inji yana neman shinkafa, shinkafa tana cikin rumbunan mutane, dole ya ƙara kuɗi kafin a buɗe masa. To in tun da kaka ta riga ta shiga hannunsa, me zai sa ya ƙara? Manomi yana zaune yana jiran farashi ya tashi, alhali abin da zai tayar da shi ya riga ya miƙa, kuma kowane wata ana gutsurar masa. Na gaya wa waɗanda suka tambaye ni. Wasu suka ce haushi nake ji don an raba ni da masu kawo mini kaya, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Ni ma ina sayar wa kamfanin, sai dai ni ba na barin bakin sikeli sai da kuɗina.

Kawu bai damu da tsarin ba. 'Ya'yansa maza su ke kai farar shinkafar ɓangaren sama, shi bai hana ba, bai kuma taka wurin ba. Sai wata damina ruwa ya shigo har cikin gari, ya kwana a gindin rumbuna. Ƙaramin rumbun nan ya tsage, kafin kaka ya zube. Aka nemi maginin da ya saba yi musu, aka ce ya bar sana'ar ya koma acaɓa, don babu mai gina rumbu yanzu. Da aka yanke ta gida, babban ɗan Kawu ya ce a kai komai siton kamfani, akwai siminti, akwai maganin ƙwari, akwai mai gadi. Kawu ya ɗinke buhunan iri da hannunsa, ya ƙulla ɓallin kaba a kunnen kowane ɗaya, ya hau bayan motar ya raka su har aka sauke. Duk wannan daga baya na ji shi.

Abin da na gani da idona ya fara ne da bazara, lokacin da zafi ya kai inda zai kai, gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma yana watsewa. Ina sito ina duba wata dawa da aka kawo mini, sai ga Kawu ya sauka daga babur, da sandarsa da malfarsa. Na shimfiɗa masa tabarma, na aika aka kawo fura. Bayan mun gaisa ya ce:

"Ɗiyata, motar ga taki da ke ɗaukar kaya, ara mini ita gobe. Irina zan ɗauko. Lokaci ya matso."

Na ce, "Kawu, a ina irin yake?"

"Can wurin mutanen ga na kamfani. Rumbuna ya faɗi, ba ki ji ba? Ke dai zumuncinki sai da sallah."

Na ajiye mudun da ke hannuna. Na ce, "An ɗora su a sikeli?"

"Awo, sun auna. Mi ke ciki? Ke ma in an kawo miki ajiya ba kina ƙirgawa ba?"

Haka ne, ina ƙirgawa. Mutane da yawa suna kawo mini buhu in ajiye musu. Kowa da shaidarsa, wani zanen shuni, wani ƙullin tsumma, wani kaba irin ta Kawu. Ina jera su gefe guda, kuma ranar da mai su ya zo, buhunsa zai ɗauka, wanda ya kawo, da ƙullinsa. A kasuwanninmu kuwa, tun kafin a haife ni, kaya ba su barin hannun mai su sai an yi ciniki ya buɗe baki ya ce ya sallama. Ko an ɗora su a mota, ko mai saye ya fito da kuɗi, in mai kaya bai faɗi wannan kalma ba, yana iya cewa a sauke masa, kuma za a sauke. Da wannan Kawu ya tsufa. Bai rasa fahimtar abin da kamfani ya ce ba. Ya ji sarai cewa sai ranar da ya so zai yanke farashi. A wurinsa abin da ba a yanke wa farashi ba, ba a sayar ba, abin da ba a sayar ba kuma yana nan inda aka ajiye shi.

Na ce, "Kawu, ina jin tsoron buhunan nan ba su nan."

Ya dube ni kamar na yi maganar yara. "Ina za su tahi? Ni ban sallama ba."

Ban ja maganar ba. Washegari na shiga motar tare da shi da direbana.

Siton kamfanin babba ne, na kwano, ya fi masallacin Juma'a tsawo. Akawun da ke bakin ƙofa ɗan yankinmu ne, na san mahaifiyarsa, tana cikin masu sayen gumina na farko. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya gaishe ni, ya jawo mana benci. Kawu bai zauna ba.

"Ɗana, ka tuna ni? Da kaka na kawo buhuna masu kaba a kunne. Na ce maka iri ne."

"Na tuna, Baba. Jar nan."

"Ita. Ka sa a fito mini da su, ga mota."

Akawun ya dube ni, na dube shi. Ya shafa ƙeya. Ya ce, "Baba, ai shinkafa ba ta daɗewa a nan. Da ta taru tirela ke zuwa ta kwashe, a kai inji. Ta kaka tun tuni an cashe ta, an sayar, an ci."

"Ta wasu dai. Tawa iri ce, na gaya maka."

"Kun gaya mini, Baba. Na ɗauka kuna faɗa ne don in san ba a haɗa nauyinta da farar ba. Ban haɗa ba, daban na rubuta. Amma sito guda ne, mota guda ce."

Kawu ya ce a buɗe masa ya gani. Yaron bai ƙi ba. Mai gadi ya tura ƙofar ƙarfe, muka shiga. Na shiga wurare da yawa na ajiyar hatsi, amma ban taɓa shiga irin wannan ba. Babu komai a ciki. An share simintin tas, sai warin magani, sai tattabaru a can sama cikin ƙarafan rufi. A nan ne shinkafar Kalgo da ƙauyukanta ta shiga, ta mutanen da a wannan sa'a suke zaune a inuwa suna cewa suna da buhu kaza a sito, suna ƙulla aure a kai, suna karɓar kaya a shago a kai. Tafiyar Kawu kawai ake ji, da sandarsa a kan siminti. Ya bi bangon dama har ƙarshe, ya tsaya a wani lungu, ya ce, ba da ƙarfi ba, "A nan aka jingine su." Ya sunkuya ya shafa ƙasan, ya duba tafinsa. Sannan ya dawo ta bangon hagu, ko da yake ya san ba a nan aka ajiye ba.

A waje akawun ya yi masa bayani iya ƙoƙarinsa. Haƙƙinsa bai ɓata ba, nauyin yana rubuce. In yana so yau ya yanke farashi a biya shi, sai dai ja tana aji na ƙasa, kuma za a cire ladan watannin da suka wuce. In iri yake so, kamfani yana ba da nasa, mai kyau, a biya da kaka.

Kawu ya ce, "Irin naku, in ruwa ya kai wuyan mutum, yana fitar da kai?"

"A'a, Baba. Gajere ne."

"To ladan ajiyar mi kuke cirewa, tunda babu abin da kuka ajiye?"

Yaron ya ce, "Haka tsarin yake, Baba." Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Shi ma mahaifinsa yana cikin masu jiran allo.

"To ni ban sallama ba," in ji Kawu. Ya juya ya nufi mota.

A hanya na ce masa fushi ba zai shuka kwari ba. Ta gida ba a gidansa kaɗai take ba, shekara da shekaru duk wanda ya roƙe shi iri yana ba shi. Na ce ya tuna su, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, man mota a kaina. Da muka kusa Kalgo, sai ya fara lissafa su.

Mun fara da na bakin gulbi, masunta masu noma, waɗanda suka fi kowa bukatar shinkafa mai bin ruwa. Gida bayan gida amsar ɗaya ce. Sun bar ta. Kamfani ba ya ba ta daraja, iri da taki kuma yana bayar da su ne ga wanda zai noma tasa. Wani ya ce kwarinsa ya bar wa kifi. Wani tsoho ya ce yana da ita har shekarar da ta gabata, jikokinsa suka cinye lokacin da farashin allo ya ƙi motsi, aka rasa na cefane. Abin da na lura da shi, tunda idona na 'yar hatsi ne, shi ne rumbuna. Ko'ina muka shiga suna tsaye ba jinka, wasu an mayar ɗakin awaki, wasu sun tsage ciyawa ta fito ta cikinsu. A da in na shiga gari, da kallon rumbuna nake sanin wa zan gaisar da ladabi kafin in tambayi farashi. Yanzu babu abin kallo. Kowa sai ya ciro waya daga aljihu ya duba abin da aka ce shinkafarsa ta kai yau.

Wanda ya rage shi ne wani taubashin Kawu a Masama, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda ke da gona a bakin wani tafki mai zurfi. Mun same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Da ya hango Kawu sai ya fara dariya.

"Ah, yau mutanen ruwa sun hau tudu. Kifi ya ƙare ne, ko tsufa ya sa ka ɓata hanya?"

Kawu ya ce, "Tashi ka ba ubangidanka wurin zama, mai gero."

"Ubangida da aron mota? Hajiya, nawa kike ba da hayar tsoho? In da araha ni ma a ɗauke ni."

Na ce, "Baba, ku biyu motar ba za ta ja ba, nauyin baki ya yi yawa."

Ya yi dariya har da tari, ya sa aka kawo ruwa. Amma da Kawu ya faɗi abin da ya kawo mu, dariyar ta ɗauke. Ya ajiye ƙotar.

"Kai ma? Kai da kake zagin mu don mun kai musu?"

"Ban kai musu ba. Ajiya na ba su."

"To ai da ka zo da wuri kaɗan. Ni bana na yanke shawarar barin ta. Gwiwata ba ta shiga tafki kuma, yaran ba su so. Ragowar da ke wurina, har da irin, na sayar wa wata mai gumi a Dodoru ran kasuwar da ta wuce."

Na tambaye shi wace ce, ya kwatanta mini gidan. Na san ta, mun taɓa haɗuwa wurin inji a Gwandu. Na ce wa direba ya tayar da mota, ko ruwan ba mu ƙarasa sha ba. Taubashin ya biyo mu har bakin hanya yana cewa, "Ka ce mata ni na aiko ka, ta mayar maka a yadda ta saya." Bai ƙara tsokanarsa ba.

Mai gumi ba ta jinkiri da shanshera, don kuɗinta ne a kwance. Amma wani lokaci rashin itace ko rashin ruwa yana sa ta ajiye buhu ya jira. A kan wannan na rataya zuciyata duk tsawon hanyar, ina ta yi wa Kawu bayani kamar bai sani ba. Shi dai yana riƙe da sandarsa tsakanin ƙafafunsa, yana kallon gonakin gero da aka riga aka share ana jiran ruwa.

Tun kafin mu kai ƙofar gidan na ji. Shanshera da aka turara tana da wani ƙamshi mai ɗumi, kamar na ɗanyen kara da aka dafa, wanda duk wadda ta taɓa yin gumi ba za ta ɓata shi ba. Na yi sallama na shiga, na nemi izini Kawu ya shigo tunda dattijo ne. Shinkafar tana shanye a tsakar gida a kan tamfol, ja, dogayen ƙwayoyi, bakunansu a buɗe kaɗan kamar yadda turara ke yi musu. Matar tana juya ta da ƙafa.

Kawu ya tsuguna a bakin tamfol ɗin. Ya ɗebi kaɗan, ya murza, ya sa ɗaya a baki ya ciza.

"Ita ce," ya ce.

Na yi wa matar bayani a taƙaice. Ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce jiya ta turara ta ƙarshe. Da ma ta so ta bar buhu ɗaya sai wani mako, sai aka kawo mata itace da araha. Na ce ina buhunan da aka kawo ta ciki, ko akwai wadda ta maƙale a ɗinki. Ta ce ta kakkaɓe su ta watsa wa kaji. Duk da haka ta ɗauko su, muka juya su ciki waje, ni da ita, muna bin ɗinkin da farce. Babu. Kawu bai taya mu ba. Yana nan tsugune, hannunsa cikin shinkafar, yana motsa ta a hankali.

Matar ta ce, "Baba, ko a jarraba? Wataƙila akwai wadda tururi bai kai ba."

Ya girgiza kai. Ni ma na sani, ita ma ta sani. Abin da aka turara ba ya tsira.

Na saye gumin gaba ɗaya, ban yi ciniki ba. Da aka kai inji na aika da shi Dangoma. Matar babban ɗansa ta gaya mini cewa an yi tuwo da shi sau ɗaya, Kawu ya ci loma biyu ya wanke hannu, ya ce a raba sauran wa maƙwabta.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba. 'Ya'yansa suka karɓi irin kamfani da takinsa suka shuka ɓangaren sama, da sharaɗin da kaka can za a kai. Kwarin ƙasa aka bar shi. Da gulbi ya cika na je duba su, na tsaya a bakin gona. Tun ina yarinya na san wurin nan kore shar a wannan lokaci, shinkafa tana lilo a kan ruwa. Ranar ruwa ne kawai, fari, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, babu ko ganye. Shekarar ruwan ya yi yawa, ya hau sama ya ci rabin farar. Abin da ya tsira ya tafi biyan iri da taki. Kafin wata damina gidan Kawu suna sayen abinci da mudu, a wurina, kuma sai da na yi faɗa da babban ɗansa kafin ya yarda in riƙa aika musu ba tare da ya miƙo kuɗi ba.

Buhunan iri kuwa suna nan rubuce da sunan Kawu a wurin kamfani. Ɗansa ya roƙe shi, na roƙe shi, har akawun ya yi takanas ya zo Dangoma ya durƙusa ya ce, Baba, ku zo ku yanke farashi ku karɓi abin da ya rage, ladan wata yana cinye shi. Kawu ya ce in ya karɓi kuɗi ya sayar ke nan, shi kuma mahaifinsa bai ba shi ita don ya sayar ba. Na ce masa, "Kawu, wannan ba lissafi ba ne. Ko ka karɓa ko ba ka karɓa ba, shinkafar ta tafi." Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Lissafi naki ne." Haka ladan ya yi ta ci, wata bayan wata, ana cire kuɗin ajiyar buhunan da babu su, har ranar da saƙo ya shigo wayar ɗansa cewa babu sauran komai. Ɗan bai gaya masa ba. Ni ya gaya wa, a bakin sitona, ya ce in rufa masa asiri.

Kawu yana nan da ransa, sai dai ya daina zuwa fadama. In na je gaishe shi, bayan an tambayi gida da yara da kasuwa, sai ya matso ya rage murya, kamar mai tambayar wani da ya yi tafiya.

"Ba ki ji an ce an gan ta wani wuri ba?"

Ina ce masa ina tambaya, kuma ba ƙarya nake ba. Duk direban da zai bi gulbi ƙasa, duk dillalin da ya zo daga nesa, ina kwatanta masa ita, ja mai dogon kara, wadda ake yanka da kwalekwale. Wasu su ce sun taɓa ganin irinta wurin kakanninsu. Wasu su kawo mini wata ja daban, gajera, in biya su ladan wahala in sallame su. Bana ma gajimare ya fara taruwa, kuma ban samu ba.